Taliya ɗaya, sunaye huɗu

Ranar da na kai kwamfuta shagon kawuna a kasuwar Singa har sabuwar shadda na saka. Ban daɗe da gama bautar ƙasa ba, aiki bai samu ba, sai mahaifiyata ta ce in je in riƙa taya yayanta lissafi maimakon zaman majalisa. Kawu ɗan sari ne na kayan masarufi: taliya, makaroni, sukari, madara, sabulu, garin wanki, sinadarin ɗanɗano, man girki. Shago ɗaya, sito biyu, yara shida, sai wasu manyan littattafai masu baƙin bango da ya haura shekara ashirin yana cika su. Ni kuwa tun kafin in zauna na riga na yanke hukunci cewa littattafan nan su ne ciwon shagon.

Ya dubi kwamfutar, ya dube ni, ya ce, "To ɗan boko, wannan ce za ta gaya min abin da ke sito?"

Na ce, "Ƙwarai kuwa, Kawu. Har wanda ɓera ya ci."

Ya yi dariya ya ce Allah ya ba da sa'a.

Sati uku da farawa, wani mai saye ya zo daga Maraɗi yana son taliya katan 150. Na duba manhaja, ta ce akwai sama da 400. Na ce masa ya kawo mota. Aka tura yaro sito ya dawo yana sosa ƙeya, wai katan 30 ne ya gani, su ma biyu ruwa ya taɓa su. Mutumin ya riga ya kira 'yan dako, ya riga ya yi ciniki da direba. Kunyar da na ji a ranar, da ƙasa za ta tsage da na shige.

Da dare na zauna na bi bayanan ɗaya bayan ɗaya ina neman ɓarawo. Babu ɓarawo. Abin da na tarar shi ne taliya iri ɗaya tak tana da sunaye huɗu a shagonmu. Yaron da ke karɓar kaya daga tirela yana rubuta sunan da ke jikin takardar kamfani. Wanda ke yanka rasit yana rubuta "mai jar leda". Mutanen Nijar suna da nasu sunan da suke kiranta, wani lokaci shi ake rubutawa. Kawu kuma tun fil azal "ta Legas" yake ce mata, ko da yake rabin abin da ke shagon daga Legas ɗin yake zuwa. Ni da na zo shigar da kaya, na ɗauki kowane suna a matsayin kaya dabam. Taliya tana shigowa da suna ɗaya, tana fita da sunaye uku. Na farkon kullum ƙaruwa yake, sauran ukun kuwa sun gangara ƙasa da sifili, wato manhajar tana nuna mun sayar da abin da ba mu taɓa mallaka ba.

Da na kai wa Kawu bayani da safe ina ta kame-kame, sai ya katse ni. "Na'urarka ba ta yi ƙarya ba. Abin da kuka faɗa mata ta maimaita."

Sunaye ma da sauƙi. Inda gizo ke saƙar shi ne kalmar "katan". A bakinmu katan katan ne, amma katan ɗin taliya leda 20 ne, na sinadarin ɗanɗano akwai ƙananan fakiti a cikinsa kuma kowane fakiti da adadin ƙwayoyinsa, madarar leda kuma tana tafiya a katan, a rol, a ɗaiɗai. Sabulu iri ɗaya yana da babba da ƙarami, kowanne da yawan da ke cikin kwalinsa. Ga rabin katan, ga kwata. Ga kamfanin da zai rage nauyin kaya shiru ya bar leda da kwali yadda suke, ka ɗauka abu ɗaya ne alhali tsoho da sabo ne, farashinsu ma ba ɗaya ba. Duk wannan yana cikin kan babban yaron shagon, mutumin da ya girme ni da shekara goma sha, wanda idan ka tashe shi daga barci zai gaya maka sabulu nawa ne a kowane kwali. Shi ya sa littafi yake aiki: littafin rabi ne, sauran rabin yana kansa.

Sai muka rufe kwamfutar. Kusan wata guda, kullum bayan la'asar idan ciniki ya lafa, ni da shi da yaro ɗaya muna cikin sito da tocila da biro. Mu ɗauko kwali, mu buɗe, mu ƙirga, mu yi gardama, mu tsayar da suna ɗaya da lamba ɗaya da ma'auni ɗaya. Ƙa'idar da muka tsaya a kai ita ce a lissafa kowane kaya da mafi ƙanƙantar abin da muke sayarwa daga cikinsa, katan kuma ya zama ninki ne kawai. Ba aiki ne mai daɗi ba. Ƙurar fulawa, zafi, ga shi yana ganin kamar so nake in kwashe abin da ke kansa in zuba a na'ura don a sallame shi. Sai da Kawu ya kira shi gefe suka yi magana, ban san me ya ce masa ba, daga ranar ya saki jiki.

A cikin wannan aikin ne na lura da abin da ke gabana tun farko. Kusan kowane kwali da kowace leda suna ɗauke da waɗannan baƙaƙen layukan da ake ce wa bakod, da lambobi 13 a ƙasansu. Wahalar da muke sha ta raɗa wa kaya suna, wasu sun riga sun sha ta tun kafin a haife ni.

Na bi tarihin abin, kuma akwai wani wuri a cikinsa da ya tsaya min a rai. Wasu Amurkawa biyu, Norman Woodland da Bernard Silver, sun samu takardar mallakar wannan fasaha tun 1952. Amma ba a haska bakod irin wanda muke gani yau a kanti ba sai ranar 26 ga Yunin 1974, a garin Troy na jihar Ohio, a jikin fakitin cingam na Wrigley. Shekara 22 ke nan. Wani ɓangare na jinkirin na na'ura ne, don a lokacin kwamfuta da hasken da zai karanta layukan suna da tsada. Amma ko da na'urar ta samu, ba ta da amfani idan kowane kanti da kowace masana'anta suna da nasu tsarin lamba. Sai da masu kantuna da masu masana'antu suka kafa kwamiti suka zauna, a 1973 suka amince da tsari ɗaya, wanda injiniyan kamfanin kwamfuta na IBM, George Laurer, ya zana. Turai ta fito da nata mai lambobi 13 bayan 'yan shekaru, daga baya aka haɗe su ƙarƙashin ƙungiyar da yau ake kira GS1. Wato zaman da muka yi a sito da tocila, shi suka yi, sai dai su a ɗaki mai sanyi.

Lambobi uku na farko suna nuna ƙasar da kamfani ya yi rajistar lambar. Na Najeriya 615 ne, na Ghana 603, na Sin daga 690 zuwa 699. (Mutane da yawa suna ɗauka wannan yana nuna inda aka ƙera kaya. Ba haka ba ne, inda aka yanki lambar kawai yake nunawa.) Lamba ta ƙarshe kuma ta tantancewa ce, ana samo ta ne daga lissafin sauran 12, don idan aka yi kuskuren shigar da ɗaya na'ura ta ƙi karɓa. Muka sayi ƙaramar na'urar haskawa, wadda yara suka laƙaba wa suna "bindiga". Kayan da ba su da bakod, irin buhun sukari da aka farke ko jarkar mai, muka buga musu tamu lambar muka liƙa.

Daga nan lissafin sito ya fara daidaita. Sai na sake yin wata wautar.

Ƙarshen wata na buga wa Kawu rahoto shafi goma sha huɗu, da zane-zane masu launi, na sa a leda mai kyau. Ya jujjuya shi, ya ɗora kofin shayinsa a kai. Ya ce, "Zauna in tambaye ka. Ka san sana'ar da nake yi?"

Na ce sayar da kayan masarufi.

Ya ce, "A'a. Kowa a layin nan abin da yake sayarwa ke nan, kuma a wuri ɗaya muke sarowa. Ni kuɗi nake juyawa. Ribar katan ba ta taka kara ta karya ba. Amma idan naira ɗaya ta fita ta dawo sau huɗu a wata, na fi wanda ya ci riba mai kauri sau ɗaya. Abu uku nake so in sani kullum da safe: me ya kusa ƙarewa, me ya kwana, wa ya riƙe min kuɗi. Sauran ka ajiye wa malamanku."

A makaranta an koya mana cewa fasahar sadarwa tana bin dabarar kasuwanci ne, ba ita ke jan ta ba. Na rubuta wannan a jarrabawa na ci maki, amma sai a ranar na gane. Manhajar da na kawo tana iya fitar da rahoto iri hamsin. Uku ne kawai suka shafi yadda wannan mutumin yake cin abinci. Da mai shagon wani ne wanda dabararsa ita ce ya ajiye kaya ya jira farashi ya hau, da tambayoyinsa dabam ne, kuma da abin da zan gina masa dabam ne, da na'ura iri ɗaya.

Na mayar da rahoton rabin shafi, ina tura masa ta WhatsApp kafin ya fito daga gida. Layin "me ya kwana" shi ya fara tona asiri. Kusan sulusin sito na biyu wani sabulu ne da garin wanki da aka saro saboda wakilin kamfani ya zo da garaɓasa, sayi kaza a ƙara maka kaza. A littafi riba ce. A zahiri kuɗi ne suka kwanta wata huɗu suna cin haya, alhali sukari da taliya da ke fita kullum muna saro su kaɗan-kaɗan don jari bai kai ba. Kawu ya san sabulun yana nan, ba wai bai sani ba. Abin da bai taɓa gani ba shi ne adadin kwanakin a rubuce kusa da adadin kuɗin. A satin ya karya farashi ya rabu da shi.

Da na karanta labarin Walmart, babban kamfanin kantuna na Amurka, daga baya sai na ga ashe tunanin ɗaya ne, girma ne ya bambanta. Sam Walton ya buɗe kantin farko a 1962 a jihar Arkansas, dabararsa kuma ita ce araha kullum, riba kaɗan, kaya su yi ta fita. Don wannan dabarar ta yiwu ne kamfanin ya zuba kuɗi a bakod da kwamfuta, har a 1987 ya haɗa kantunansa da hedikwata ta tauraron ɗan'adam. A ƙarshen shekarun 1980 suka ƙulla da kamfanin Procter & Gamble, suka buɗe masa bayanan cinikinsu, ta yadda shi mai kayan yake ganin yawan kunzugun yara na Pampers da ke fita, ya aiko da wani kafin a tambaya. Wannan ba ya yiwuwa sai idan abin da kanti ke kira kaza shi ne masana'anta ke kira kaza.

Akwai wata cuta da wannan buɗe bayanan yake magancewa, kuma duk ɗan Singa ya san ta ko bai san sunanta ba. Azumi ya gabato. Mai shagon unguwa da ya saba ɗaukar sukari buhu biyu ya ce a ba shi uku, don gudun kada ya yanke. Mu da muka ga irinsa goma, sai mu ƙara abin da muke nema wurin dila, mu ɗora wani abu a kai don ko-ta-kwana. Dila ya ga 'yan sari sun taso, ya ninka nasa wurin kamfani. Kamfani ya ɗauka gari ya buɗe baki, ya ƙara aiki. Alhali masu shan kunun ba su ƙaru haka ba. Bayan salla kowa ya tashi da kaya sun yi kwantai, a shiga karya farashi. Masana harkar suna kwatanta abin da bulala: motsi kaɗan a hannu, amma bakinta ya yi tsalle mai nisa. Kowa yana kallon odar wanda ke ƙasa da shi ne, babu mai ganin ainihin abin da aka ci. Mu dai ba mu kai matsayin da kamfani zai leƙa kwamfutarmu ba. Abin da muka samu shi ne a azumi na biyu muna da lissafin na farko, mako-mako, kaya-kaya, don haka muka yi oda da abin da ya faru maimakon abin da ake faɗa a layi.

Haka lokacin da aka rufe iyakar Nijar bayan juyin mulkin Yulin 2023. Kasuwa ta ɗauki zafi, kowa na cewa ciniki ya mutu. Cikin minti goma na ware wa Kawu kayan da mutanen Maraɗi da Damagaram suka fi ɗauka da waɗanda 'yan gari da ƙauyukan kewaye ke saye. Ya dakatar da odar na farko, ya karkata kuɗin zuwa na biyu. An ji jiki, amma ba kamar maƙwabtanmu ba. Da taliyarmu tana nan da sunayenta huɗu, da ba ni da abin da zan ware.

Wani abokina da ke harkar hatsi a Dawanau ya ji labari ya ce in zo in yi masa irin wannan. Na je na yini, na dawo na ce masa ya ba ni lokaci. A can babu kwali, babu bakod. Akwai buhu, akwai kwano, akwai tiya. Buhu nawa ne nauyinsa? Ya danganta da buhun, da wanda ya ɗinke shi, da kasuwar ƙauyen da aka auno. Kwano kuma akwai cikawa a yi masa tozo, akwai shafewa, akwai hannun da mai awo ke tarewa da shi a gefe. Ga danshi, ga tsakuwa, ga sabo da tsoho a gauraye. Idan na rubuta "wake buhu 100" a kwamfuta, na rubuta abin da ni kaina ban san ko mene ne ba.

Amma a cikin Dawanau ɗin akwai waɗanda suka riga suka tsallake wannan, su ne masu fitar da riɗi da zoɓo waje. Wanda zai aika riɗi Japan ko Turkiyya, ko zoɓo Meziko, ba ya maganar kwano. Sikeli ne, kilo ne, a gwada danshi, a tace, a san kashi nawa ne datti. Ba wai sun fi sauran wayewa ba ne, mai sayensu ne ba ya karɓar komai sai haka. Kuma mun ga abin da rashin hakan ke jawowa: a 2015 Tarayyar Turai ta hana shigar da busasshen wake daga Najeriya saboda yawan maganin ƙwari da aka samu a ciki, aka kuma yi ta tsawaita haramcin. Idan babu lambar da za ta nuna wannan buhun daga wane sito ya fito, wa ya zuba masa magani, yaushe, to ba a iya ware mai laifi. Sai a haɗa kowa a hukunta, har da manomin da bai san hawa ba bai san sauka ba.

Kwantenar da ake loda riɗin ma labarinta ke nan. A 1956 wani mai motocin dako a Amurka, Malcom McLean, ya ɗora akwatunan ƙarfe 58 a jirgin ruwa daga Newark zuwa Houston. Akwati ba wani abin mamaki ba ne. Abin da ya sauya duniya shi ne yarjejeniyar da aka yi a ƙarshen shekarun 1960 kan girmansa da kusurwoyinsa, shi ya sa mai ƙafa 20 ko 40 da aka cika a Sin take zama daram a kan tirelar da za ta kawo ta Kano daga Apapa. Idan ka duba ƙofarta za ka ga haruffa 4 da lambobi 7. Da su ɗan Kantin Kwari yake duba wayarsa ya san ko kayansa suna kan teku ko sun sauka. Kwamfutocin kamfanin jirgi da na tasha da na kwastan suna iya magana da juna ne saboda akwatin nan sunansa ɗaya a wurin kowa.

Abin da na ce wa abokina shi ne ya fara sayen sikeli mai kyau, ya yanke shawarar nauyin da zai riƙa kira buhu, ya riƙa rubuta kasuwar da aka auno kowane lodi da ranar. Ko a littafi ne. Idan ya yi shekara a haka sai mu yi maganar manhaja. Bai ji daɗi ba, don shi kwamfuta yake so a gani a ofishinsa. Na gane shi sarai, ni ma da sabuwar shadda na fara.

Ba komai ne ya shiga na'urar ba a shagonmu. Layin "wa ya riƙe min kuɗi" yana fita kullum, amma akwai sunayen da Kawu ya hana ni sakawa. Wata dattijuwa mai ɗan teburi da mijinta ya rasu yana cinikinsa, wani tsohon maigidansa da kasuwa ta juya wa baya. Waɗannan suna cikin baƙin littafi, a aljihun tebur, shi kaɗai ke buɗewa. Na taɓa ce masa lissafi ba zai cika ba in babu su. Ya ce, "Wannan ba lissafinka ba ne." Kuma ranar da wuta ta ɗauke, batirin sola ya ƙi, da biro da rasit muka yi ciniki har magariba, da dare na zauna na shigar.

Makon jiya tirela ta kawo wani sabon makaroni da ba mu taɓa sayarwa ba. Ina masallaci. Na dawo na tarar da direba yana ta faɗa, 'yan dako sun zauna a inuwa, babban yaron shago ya tsaya a bakin sito ya ce kwali ɗaya ba zai shiga ba sai an buɗe an ƙirga an ba shi lamba. Mutumin da a da yake ganin na zo raba shi da aikinsa. Na ɗauko bindiga muka haska, minti biyar aka fara sauke kaya.

Muna cikin haka Kawu ya leƙo daga shago ya ce, "Kai ɗan boko, ta Legas nawa ta rage?"

Har yau bai daina kiranta haka ba, kuma na daina gyara masa. Na buɗe mata wani gurbi a manhajar na rubuta duk laƙabobinta huɗu a ƙarƙashin lamba ɗaya. Na buga "ta Legas", ta fito.

Na ce, "Katan 212, Kawu. Da rabi."